Kayan Raƙumi a Bayan Jaki: Manhajar Duba Hoto a Kwamfutocin Makarantunmu

'Yan'uwa malamai, a makarantunmu da dama na cikin ganuwa, tun daga wajen Ƙofar Galadima har zuwa Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan, akwai kwamfutocin tebur da aka yanke wa hukuncin mutuwa alhali da sauran numfashinsu. An lulluɓe su da tsohon zane a kusurwar ofishin hedimasta, ko an jera su a wani ɗaki an garƙame da kwaɗo. Idan aka tambayi dalili, amsar kusan ɗaya ce: nawa gare ta, ko hoto aka ce ta buɗe sai ta yi ta juya ɗan zoben nan har mutum ya gaji ya tashi. Ra'ayinmu shi ne, kaso mai yawa na wannan nawa yana zuwa ne daga kayan da aka labta wa na'urar, kuma zaɓen manhajar da za ta buɗe hoto a gaban ɗalibai aikin malami ne. Bai dace a ci gaba da barinsa a hannun duk wanda ya zo ya jona wayoyi ya kama gabansa ba.

Mun san abin da wasu za su ce. Ga batun albashi, ga ƙarin girma da ke makalewa, ga fansho, ga azuzuwan da damina ke shiga ta rufi, sai kuma mujallar reshe ta ɓata shafi a kan manhajar duba hoto? Ƙungiyar malamai ta NUT tun kafuwarta a 1931 a kan waɗancan manyan batutuwa take fafutuka, kuma ba za mu sassauta ba. Sai dai dukansu suna hannun wasu, sai an yi zama, an yi rubutu, wani lokaci an ajiye alli. Wannan kuwa yana hannunmu, ba ya cin ko kwabo, kuma yammaci ɗaya ya isa a gama shi.

Bari mu fara da dalilin da ya sa hoto yake wa tsohuwar kwamfuta nauyi, domin wanda ya fahimci wannan ba za a sake ruɗa shi ba. Hoton da wayar hannu ke ɗauka ɗigo-ɗigo ne na launi. Waya mai megafiksel 12 tana fitar da hoto mai ɗigo miliyan 12. A ajiye, hoton a matse yake cikin tsarin da ake kira JPEG, wanda aka kafa ƙa'idarsa a 1992, saboda haka bai fi 'yan megabait kaɗan ba. Amma kafin a nuna shi dole manhaja ta warware shi, kamar yadda ake warware turmin atamfa, kuma kowane ɗigo yana cin gurbi uku: na ja, na kore, na shuɗi. Ke nan hoton da yake kwance a megabait uku ko huɗu, idan ya miƙe sai ya kai wajen megabait 36 a ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta, wadda masu gyara ke kira RAM. Idan wayar mai megafiksel 48 ce kuma aka ɗauka da cikakken ƙarfinta, lissafin ya koma 144. Kwamfutar da RAM ɗinta gigabait biyu ne, Windows kaɗai ta riga ta cinye kaso mafi tsoka. Ɗan filin da ya rage, idan manhajar da ke buɗe hoton ita ma ƙatuwa ce, sai kwamfuta ta koma ajiye-ɗauka tsakanin ƙwaƙwalwa da faifan ajiya, wanda a tsofaffin na'urori faranti ne mai juyawa. Wannan kai-kawo shi ne nawar da muke gani.

A zamanin Windows 7 akwai wata 'yar manhaja mai sauƙi da ke zuwa tare da ita, aikinta kawai ta nuna hoto. Da Windows 10 ta fito a 2015, sai kamfanin Microsoft ya sa wata mai suna Photos a gaba. Ita wannan ba nuna hoto kaɗai ta sa a gaba ba: tana tattara hotuna ta jera su, tana gyara su, tana kuma neman haɗuwa da ma'ajiyar kamfanin ta intanet. A sabuwar kwamfuta mai ƙarfi babu wanda zai ji nauyin haka. A kan tamu, wadda ta yi shekaru tana aiki a wani ofishi a Turai kafin ta iso kasuwa, kayan raƙumi ne aka ɗora wa jaki. Jakin ba shi da laifi.

Malami ya san darajar daƙiƙa fiye da mai sayar da kwamfuta. Darasi minti talatin da biyar ne ko arba'in. A ɗauka malamar kimiyya ta shirya hotuna goma sha biyu na sassan zuciya da hanyoyin jini, kowanne kuma yana jan daƙiƙa goma kafin ya bayyana. A lissafi minti biyu ne kacal. A cikin aji mai yara saba'in ko fiye, kowace daƙiƙa goma da allo ya yi fayau ƙofa ce da hayaniya ke shigowa, kuma dawo da hankalin yara ya fi buɗe hoton cin lokaci. Ga kuma wuta, wadda ba ta yin sallama idan za ta tafi. Inda ake tayar da janareta, tun cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kowane minti kuɗi ne, kuma duk mun san aljihun da ake yawan laluba idan asusun makaranta ya yi shiru.

Kada kuma a ɗauka koyarwa da hoto baƙon abu ne a garin nan. Iyayenmu sun ga majigi a dandali, ana haska wa jama'a noman auduga da tsafta, kuma a Tukur-Tukur aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, inda aka riƙa buga littattafai masu zane da suka raini ƙarni guda na masu karatu. Yau bukatar ta ƙaru. Yaron da aka haifa a Ƙofar Galadima zai iya gama firamare bai taɓa hawa Dutsen Kufena ba, bai kuma san yadda ganuwa take ba a lokacin da take tsaye da tsayinta. Babban Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, wanda masana gine-gine daga ƙasashe suka riƙa zuwa kallon bakan gizonsa, wani ɓangarensa ya rufta a watan Agusta na 2023, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a ciki. Yaran da ke aji ɗaya yanzu, a hoto za su san yadda cikinsa yake a da. Malamin tarihi da ke son nuna musu yadda aka lanƙwasa azara aka shafe ta da ƙasa yana bukatar manhajar da zai matso da hoto kusa, ya ja shi hagu da dama, ba tare da ta daskare ba. Haka malamin Hausa da ke son nuna wasali a shafin ajami, ko malamin aikin gona da ke son yara su bambance tsutsar da ke cin masara da sauran ƙwari.

To wace manhaja? Akwai su da yawa, amma waɗanda suka daɗe ana gwada su a kan raunanan na'urori ba su da yawa.

Ta farko a wurinmu ita ce IrfanView. Wani mutumin Bosniya mazaunin Ostiriya, Irfan Skiljan, ya fitar da ita a 1996, kuma har yau yana sabunta ta. An gina ta a lokacin da kwamfutocin duniya ba su kai ƙarfin mafi raunin tamu ba, kuma ba ta yi ƙiba ba tun daga nan: fayil ɗin girka ta 'yan megabait ne da ba su kai yatsun hannu biyu ba, bai kai girman gajeren bidiyon da ake turawa a WhatsApp ba. Ba ta neman intanet kafin ta yi aiki. Ana sarrafa ta da madannai kaɗan da malami zai haddace a zama ɗaya: dogon madanni na ƙasa ya kai ka hoto na gaba, Enter ya cika allo da hoton, R da L su juya shi dama ko hagu, T ya baje maka ƙananan hotunan jaka gaba ɗaya. Sharaɗin mai ita a fili yake, kyauta ce ga mai amfani a gida da kuma makarantu da ɗakunan karatu, masu kasuwanci ne ake nema su biya. Aibinta shi ne fuskarta irin ta da ce, ba ta da ƙawa, kuma jerin umarninta yana da yawa har ya kan firgita sabon shiga. Mu dai ba kallon manhaja muka tara yara su yi ba.

Ta biyu FastStone Image Viewer, wadda ita ma kyauta ce ga gida da makaranta. Ta ɗan fi IrfanView nauyi, amma ta fi ta daɗin sha'ani a gaban aji: hoto yana cika allo, kayan aiki suna ɓoye a gefuna sai an kai linzami can su fito, kuma idan aka danne linzami a kan wani sashe sai ya kumbura kamar an ɗora masa gilashin ƙara girma. Malamin da ke da majigi zai so ta. Akwai JPEGView, 'yar mitsitsiya, wadda ko girkawa ba ta bukata, daga filashi ma tana tashi, ga kwamfutar da ta fi kowace galabaita. XnView MP ta wani Bafaranshe, Pierre Gougelet, tana karanta nau'in fayil sama da 500, amma ta fi dacewa da na'ura mai ɗan ƙarfi. Inda wani mai himma ya ɗora Linux a kan tsofaffin kwamfutoci, Ristretto ko GPicView sun wadatar.

Abin da ya sa muka fifita IrfanView a kan sauran ba a aji yake ba, a ofis yake. Kowace shekara idan rajistar jarrabawa ta zo, sai an tara hotunan fasfo na ɗalibai, kuma shafin rajista ba ya karɓar hoto mai nauyi. Nan ne za ka ga malamin da aka ɗora wa aikin yana safa da marwa tsakanin makaranta da shagon kwamfuta, ana rage masa hotuna ɗaya bayan ɗaya, ana lissafa masa kuɗi a kan kowane kai. A IrfanView, danna harafin B yana buɗe wurin da za a zuba hotuna ɗari biyu a lokaci guda, a faɗi faɗi da tsawon da ake so, a ce ta sa musu suna da lamba a jere, ta gama kafin a sha ruwa. Wannan dabara tana da amfani ga darasi ma. Allon yawancin kwamfutocinmu bai wuce ɗigo miliyan ɗaya da 'yan kai ba, tsohon majigi ma bai kai haka ba. Hoto mai ɗigo miliyan 12 a kan irin wannan allo asarar ƙarfi ce kawai. Idan aka rage hotunan darasi zuwa faɗin ɗigo 1600 aka ajiye a jaka ta dabam, ido ba zai ga bambanci ba, kwamfuta kuwa za ta ji an sauke mata kaya. A bar na asali a inda suke saboda ranar da za a bukaci matso da wani sashe sosai.

Akwai gwaji guda da babu wani baƙo da zai yi mana shi, domin bai san da matsalar ba. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, ba kowace manhaja ke gane su a sunan fayil ba. Tsofaffin fitowar wasu manhajoji, idan suka ci karo da hoto mai suna Ƙofar Galadima ko Ɗan Madami, sai su mai da harafin alamar tambaya, ko su ce fayil ɗin babu shi. Malamin da ya yi shekaru yana jan kunnen yara a kan bambancin ƙafa da kafa bai kamata kwamfuta ta tilasta masa rubuta sunan unguwarsa ba daidai ba. Saboda haka kafin a amince da kowace manhaja, a sa wa hoto ɗaya suna mai waɗannan haruffa uku a gani ko za ta buɗe shi. Sababbin fitowar waɗanda muka ambata sun san tsarin Unicode da ke ɗauke da haruffanmu, shi ya sa ya fi kyau a sauko da sabuwa maimakon kwafar wadda ta shekara goma tana yawo a filashin wani.

A gwada kuma nau'o'in hoto biyu da suka yawaita yanzu. Hoton da aka sauko da shi daga intanet sau da yawa yana zuwa a tsarin WebP na kamfanin Google, wayoyin iPhone kuma tun 2017 suna ajiye nasu a tsarin HEIC. IrfanView tana da wani kunshi na ƙarin kayan aiki da ake saukewa dabam, kuma duk wanda zai girka ta ya haɗa da shi tun farko. HEIC ya kan yi gardama a tsofaffin Windows. Hanya mafi sauƙi ita ce a roƙi mai turowa ya turo a JPEG.

Dole mu yi magana a kan manhajar sata. Al'ada ce idan aka kai kwamfuta gyara a dawo da ita cike da manyan manhajoji irin su Photoshop da CorelDraw waɗanda aka fasa makullinsu, a matsayin kyautatawa. Waɗannan kayan masu zane da ɗab'i ne, kuma buɗe hoton darasi da su kamar yanka albasa da gatari ne. Mafi muni, fasassun manhajoji suna cikin hanyoyin da cutar kwamfuta ke shigowa, ciki har da wadda duk muka sani, mai ɓoye fayilolin filashi ta bar inuwarsu kawai. Filashi ɗaya da ya kamu zai zagaya makarantun gunduma cikin mako guda, ya tafi da sakamakon jarrabawar zango. Kuma akwai kunya a ce makarantar da ke koyar da amana tana aiki da kayan sata alhali na halal yana nan kyauta. A sauko da manhaja daga shafin mai ita kawai. Wuraren da ke tara manhajoji suna cusa talla a ciki, a guje su.

Wani abu da ya shafi iyalanmu kai tsaye: hotunan da ke cikin kwamfutar makaranta na 'ya'yan mutane ne, 'yan mata da samari ƙanana da aka ba mu amanarsu. Manhajar da ke son kwashe hotuna ta kai ma'ajiyar intanet, ko ta nemi a shiga da adireshin wani kafin ta yi aiki, ba ta dace da wannan amana ba. Haka nan hoton waya ya kan ɗauki bayanan ɓoye, ranar ɗauka da irin wayar, wani lokaci har da daidai wurin da aka tsaya. Manhajojin da muka ambata suna nuna waɗannan bayanai, kuma IrfanView tana ba da zaɓin a zubar da su a lokacin rage hoto. A kula kuma da madannin Delete, domin a cikin manhajar duba hoto fayil ɗin kansa yake gogewa, kuma hannun yaro ba ya tambaya.

Wasu abokan aiki, musamman matasa, za su ce duk wannan wahala ce, tunda kowa da waya a aljihu. Gaskiya ne waya ta fi sauri. Amma allon da bai fi tafin hannu ba, idan aka ɗaga shi a gaban aji, layin farko ne kawai ke gani, idan kuma aka ce a zagaya da shi, rabin darasi ya tafi kuma ba lalle ya dawo da gilashinsa lafiya ba. Wayar ta malami ce, datar tasa ce, hotunan iyalinsa suna ciki. Ranar da aka yi masa canjin wurin aiki, duk abin da ya tara ya bi shi. Jakar hotuna da ke kwamfutar makaranta, an kasa ta aji-aji da darasi-darasi, gado ce ga wanda zai zo bayansa. Ga kuma yaran kansu: tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, sauran hukumomin jarrabawa ma can suka nufa. Yaron da ya saba riƙe linzami yana matsar da hoton taswira tun yana firamare ba zai je zauren jarrabawa hannunsa na rawa ba.

Masu cewa a nemi sababbin kwamfutoci kawai, muna tare da su, kuma reshe ya ci gaba da matsa wa hukumar SUBEB da ma'aikatar ilimi. Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, Windows 10 ma wa'adinta ya cika a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa tana neman aƙalla gigabait huɗu na RAM da wasu sharuɗɗan da yawancin na'urorinmu ba su cika ba. Wannan hujja ce mai ƙarfi da za mu kai teburin tattaunawa. Hujja ce kuma ta cewa tsofaffin su zauna ba tare da intanet ba, su yi aikin da ba ya bukatarsa, kuma nuna hoto yana sahun gaba a irin wannan aiki. Sabuwar na'ura ma ba ta isa ita kaɗai ba. A 2007 an kai ƙananan kwamfutocin shirin nan na kwamfuta ɗaya ga kowane yaro wata firamare da ke Galadima ta Abuja, takwarar ƙofarmu a suna, jaridun duniya suka yi ta ɗaukar hoto, amma shirin bai bazu a makarantun ƙasar nan ba. Kayan da aka sauke wa makaranta ba tare da malami ya san abin da ke cikinsu da yadda zai juya su ba, ƙarshensu ƙarƙashin zane ne, sababbi ne ko tsofaffi.

Abin da muke nema daga shugabannin reshe kaɗan ne. A sayi filashi guda mai tsabta, a zuba masa IrfanView da kunshinta, da FastStone, da JPEGView, daga shafukan masu su. A zaɓi malaman kwamfuta biyu ko uku daga cikinmu su zagaya makarantu, su yaye zanen, su busa ƙura, su girka, su kuma saita Windows ta riƙa buɗe hoto da sabuwar manhajar kai tsaye, domin idan ba a yi wannan saiti ba tsohuwar ce za ta ci gaba da tsalle gaba. A kowace makaranta a gwada da hotuna ashirin na waya, ɗaya mai suna da ƙ da ɗ da ɓ, a riƙe agogo, a rubuta daƙiƙoƙin da tsohuwar manhaja ta ci da waɗanda sabuwar ta ci. Kwamfutar da ta kasa ko bayan haka, a rubuta lambarta da sunan makarantarta a jerin da sakataren reshe zai haɗa da takardar bukatunmu ta gaba.